Farar Ƙwaya da Rawaya

Daga Bara'atu, Zango, Wagadugu
Zuwa ga Zuhura, ma'aikaciyar jinya, Yamai
4 ga Maris

Zuhura, don Allah ajiye abin da ke hannunki ki saurare ni yanzu. Kada ki jefa takardar nan a jaka ki ce sai kin tashi aiki. Yanzu nake so. Ni ce gwaggonki Bara'atu. Munira mai ɗinki, maƙwabciyarmu, ita ke rubutawa, ni ina faɗa. Ta ce wai ba a fara wasiƙa haka, sai an yi gaisuwa. To, assalamu alaikum. Ina gajiya, ya mai gidan naki da yara? Malam yana nan yadda kika san shi, a kwance, ci kaɗan, faɗa da yawa. Zafi ya shigo mana. An gama gaisuwa.

Launi ya bar ni, Zuhura. Ban san yadda zan faɗa ba in ba haka ba. Yau kwana goma sha ɗaya. Ba makancewa na yi ba, kada ki ce. Ga Munira nan a gabana, ina ganin har zaren da ya maƙale mata a gefen ɗankwali. Amma komai ya zama toka. Tumatir toka, ganyen mangwaron tsakar gida toka, sama toka. Na yi miya na zuba a kan tuwo, sai ga ta kamar laka daga kwata, na kasa kai loma baki. Yanzu sai na rufe ido nake ci. In na dubi hannuna sai in gan shi kamar hannun wadda aka riga aka yi wa wanka.

Ni fa, Zuhura. Ni da na yi shekara arba'in ina sayar da atamfa a babbar kasuwa. Mace za ta zo da ƙyalle kamar farce ta ce wannan nake nema, in miƙa hannu in zaro mata shi cikin turmi ɗari. Kakanki bai kai ni lakwal na yi boko ba, launi shi ne karatuna. Da shi nake gane motar da zan hau, da ƙofar gidan da zan shiga, da duk abin da ku kuke ganewa da rubutu.

Ke kina aiki a asibiti, ki faɗa mini mene ne wannan. Amma kada ki kira waya. Ɗaki ɗaya muke da Malam, kuma ƙafa ce ta mutu masa, ba kunne ba. Ki rubuta ki ba Boukari direba, shi zai kawo miki wannan.

Kuma kada yayanki Mannir na Waga 2000, unguwar masu kuɗi, ya ji. Ɗana ne, na san shi. Tun da Malam ya kwanta, shekara shida ke nan, yake so ya kwashe mu ya kai ɗakin da ke bayan gidansa, ya ɗauko wata da za a biya ta riƙa juya ubansa, a sa wa gidan nan kwaɗo. Malam ya ce a nan aka binne cibiyarsa, daga nan za a ɗauke shi a makara. Abin da ya hana a yi masa dole shi ne ina tsaye da ƙafata. Ranar da aka ce ni ma na samu matsala, an gama.

Akwai sauran magana, amma ba ta kunnen Munira ba ce.

(Ni Munira na ji haushin wannan, amma na rubuta.)

Gwaggonki.


Daga Zuhura, Yamai
Zuwa ga Gwaggo Bara'atu
21 ga Maris

Gwaggo, wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai ƙaramar da ta yi zazzaɓi, ta warware. Ki gaishe da Baba Malam, ki ce ya rage faɗa.

Takardarki kwana goma sha biyu ta yi a hanya, Boukari ya ce sun daɗe suna jira kafin a bar motoci su wuce. A tsaye na karanta ta a bakin ɗakin marasa lafiya, mu biyu ne kawai ke kula da gado talatin wannan watan, ki yi haƙuri da gajeriyar amsa.

Ki kwantar da hankalinki. Yanar ido ce. Ba satin da ba ma ganin tsofaffi da ita, kowa cewa yake abubuwa sun dushe, kamar zanen da ya sha wanki. Ki je wajen likitan ido ya duba. In ta nuna, aikin ɗan lokaci ne, washegari ki koma gida kina zagin masu sayar da atamfar roba kamar da.

Ba zan faɗa wa Yaya Mannir ba tun da kin hana, amma ban ga abin ɓoyewa a yanar ido ba. Shi ma gilashi yake sawa.

'Yarki, Zuhura.


Daga Bara'atu, Zango
Zuwa ga Zuhura
8 ga Afrilu

Zuhura, na gaishe ki, Allah ya ƙara wa ƙaramar lafiya. Wannan karon Malam Aliyu Sani ke rubuta mini, mai tebur a gindin dogon yaro, wanda ke rubuta wa mutane takardu. Ya ce kunnensa ba ya ajiye abin da hannunsa ya rubuta. Allah ya sa.

Ba ki saurare ni ba. Ban ce ya dushe ba, na ce ya tafi. Na san zanen da ya sha wanki, ja ne da ya gaji amma yana nan. Wannan babu shi ne.

Duk da haka na bi maganarki. Na ce wa Malam gaisuwar mutuwa zan je unguwar Larle, na je wajen wani likitan ido a can. Ya ɗiga mini magani, ya haska mini fitila har hawaye. Ya nuna mini allon nan mai ƙananan cokula masu yatsu uku, in nuna da hannu inda suka fuskanta. Na bi su har layin ƙasa. Ya yi dariya ya ce, "Yaaba," wato kaka da Mosanci, "idonki ya fi nawa." Sai ya buɗe wani littafi mai ɗigo-ɗigo ya ce me na gani a ciki. Na ce tsakuwa. Ya juya, na ce tsakuwa. Dariyar ta tsaya. Ya rubuta takarda ya ce in kai wa likitan ƙwaƙwalwa. Na ce, ɗana, ni ka ga na yi kama da mai tsince-tsince a bola? Ya ce ba haka ba ne, ya yi ta bayani da Faransanci da Mosanci, ban ji komai ba. Takardar tana ƙulle a bakin zanena. Ban kai ba.

Bari in faɗa miki yadda abin ya fara, ban faɗa ba wancan karon. Da hantsi ne, ina wanke wa Malam zannuwan gado. Na sunkuya, sai na ji kamar an kwaɗa mini taɓarya a ƙeya. Tsakar gida ta juya. Na rarrafa inuwa, na yi amai, na kwanta. Malam na ta kira daga ɗaki, na ce ina zuwa. Da na farka an kusa azahar, na ga gari ya yi duhu-duhu, na ce hadari ne, na tashi da sauri in kwashe shanya. Ba hadari. Rana tsaka, ba gajimare ko ɗaya.

Abin da ya fi ba ni tsoro, ko Munira ban faɗa wa ba. In na rufe ido in tuna zanen da aka kai ni gidan Malam da shi, na san ja ne mai ratsin ruwan gwal, bakina ya sani. Amma jan ba ya zuwa. Ina kiransa ba ya zuwa. Na yi mafarkin babanki yana ƙarami da koriyar hularsa, a mafarkin ma toka ce. Yanar ido tana shiga mafarki ne, Zuhura?

Yanzu ga maganar da na riƙe. Maganin Malam ne. Iri uku yake sha. Akwai doguwar ta zuciya, wannan ina gane ta da tsawonta. Akwai farar ta sukari, sau ɗaya da safe. Akwai rawayar ta hawan jini, safe da yamma. Farar da rawayar girmansu ɗaya, zagayensu ɗaya. Duk farkon wata direban yayanki yana kawo su daga farmasi, kantin magani. Ni kuma, tun da ba na karanta kwali, sai in ɓare su duka a faranti, in tsince fari gefe, rawaya gefe, in zuba kowanne a gwangwaninsa, kwalayen in hura gawayi da su. Shekara shida haka nake yi, ban taɓa kuskure ba. Watan jiya ban damu ba, direba ya kawo na watan da wuri, an riga an raba su tun ina gani. Ran ɗaya ga wata direba ya kawo sababbi. Wallahi hannuna ne ya yi aikinsa, ni hankalina na wajen Malam yana mitar ƙuda. Sai da wuta ta ci kwalayen na juyo ga faranti. Duk iri ɗaya, kamar gero.

Na zauna na lasa su ɗaya bayan ɗaya. Ina jin wasu sun fi wasu ɗaci, da haka na raba. Malam ba ya ganinsu, a kunu nake niƙe masa, tun da haɗiya ta fara ba shi wuya.

Malam Aliyu ya ajiye alƙalami ya ce in kawo ya raba mini. Ina zan kawo? Ga Iro, ƙanin Malam, can tsallaken titi a kan teburin goronsa, tun ɗazu wuyansa ya yi tsawo. In ya ga na baje maganin yayansa a teburin mutane, kafin la'asar an ji a Waga 2000. Na ce a bari, harshena bai mutu ba.

Na gaji, Zuhura. Ki karanta wannan a zaune.

Gwaggonki.


Daga Zuhura, Yamai
Zuwa ga Gwaggo Bara'atu
16 ga Afrilu

Gwaggo, ina fata wannan ta same ku ku biyun lafiya, da gaske nake wannan fatan, ba gaisuwa kawai ba. Ki yafe mini. Kin faɗi gaskiya tun farko, ni ce na karanta abin da na saba gani. Na kira ki sau shida jiya duk da kin hana, ba ki ɗauka ba, kuma ba ni da lambar Munira.

Da farko, ki daina ba Baba Malam daga gwangwanayen nan yau ɗin nan. Harshe ba ya raba magani. In ya sha ta sukari fiye da kima, sukarinsa zai faɗi, yana iya tafiya a cikin barci. Ki kira Munira ta raba miki da idonta. Jin haushinta ya fi abin da nake tsoro sauƙi.

Na nuna takardarki ga likitan da nake aiki ƙarƙashinsa. Da ya kai wajen ciwon ƙeya da zanen aurenki, sai ya cire gilashinsa. Bari in faɗa miki yadda ya yi mini bayani. Ido ba shi ke gani shi kaɗai ba. Aikinsa ya karɓi haske. A cikinsa akwai wasu ƙananan abubuwa iri uku, kowanne da irin hasken da ya fi ji, su ke aika saƙo ta jijiya har can bayan kai, a ƙeya. A can ake haɗa gani, kuma aikin a rabe yake. Wani wuri yana fid da siffar abu da gefensa, wani yana lura da motsi. Akwai wani ɗan wuri ƙasa-ƙasa, hagu da dama, shi ke gwada saƙonnin nan uku da juna ya ce wannan ja ne, wancan kore. Ki ɗauka kamar zane ne, Gwaggo. Masaƙi yana nan yana aikinsa, shi ya sa kike ganin zaren ɗankwalin Munira. Marina ce aka rufe. Kuma tun da a marinar nan ake rina abin da mutum ya tuna da abin da ya yi mafarki, su ma sun fito farare.

Abin da ya rufe ta, a ganinsa, jini ne ya tsaya a hanyar da ke ciyar da wurin, ranar da kika faɗi a wajen wanki. Ƙaramar shanyewar jiki ce, irin ta Baba Malam, shi ta kama masa ƙafa, ke ta kama miki launi. Ba hauka ba ce, ba iska ba, ba kuma wani ya yi miki ba. Likitan da aka tura ki wajensa na jijiyoyin kai ne. Za su ɗauki hoton cikin kanki, su auna jininki, su ba ki abin da zai hana ta dawowa. Don tana dawowa, Gwaggo, kuma ta biyu ba ta cika tsayawa a launi ba. In ta kwantar da ke, wa zai juya Baba Malam?

Za ki tambaya ko launin zai dawo. Na tambaya miki. Ya ce wasu yana dawo musu kaɗan, wasu ba ya dawowa. Ba zan ƙara miki a kan haka ba.

Jiya na ɗauki waya zan kira Yaya Mannir, na ajiye don alkawarin da na yi miki. Ban yi barci ba. Na ba ki zuwa Jumma'a ta sama, 25 ga wata. In ban ji an raba maganin kuma kin kai takardar ba, zan kira shi, ki yi fushi da ni har ƙarshen rayuwata.

'Yarki, Zuhura.


Daga Bara'atu, Zango
Zuwa ga Zuhura
23 ga Afrilu

Zuhura, sallama. Muna raye, mu biyun, da wannan na fara don kada ki tsallake layi. Munira ke rubutawa. Ta ce za ta ɗauki hoton takardar ta tura wa Boukari a waya, shi ya tura miki, yau za ki gani. Ashe ana iya haka, duk wannan jiran da muka yi.

Takardarki jiya Talata ta iso. Ta makara da kwana ɗaya.

Ran Litinin bayan la'asar na shiga in gyara wa Malam matashi, na same shi sharkaf da gumi, hannunsa na rawa, idonsa a buɗe amma ba ni yake kallo ba. Yana kirana da sunan mahaifiyarsa. Na ce Malam, Malam, bakinsa na motsi ba magana. Ban san na yi ihu ba, sai ga Munira da almakashi a hannu. Uwarta da ciwon sukari ta rasu, ta san abin. Ta ruga ta ɗauko zomkom, ruwan geron nan da take sayarwa a ƙofar shago, ta ƙara masa sukari da hannu, ta ɗaga kansa tana ɗura masa kaɗan-kaɗan. Ni ina tsaye riƙe da ƙofa kamar baƙuwa. Can sai ya yi tari, ya dube ta ya ce, "Ke kuma wa ya ba ki izinin shigo mini ɗaki ba ɗankwali?" Sai ta fashe da kuka tana dariya.

Da muka fito ta ce in nuna mata maganinsa. Na miƙa mata gwangwanayen. Ta buɗe na hawan jini ta juye a tafinta, ta ce, "Inna, kusan rabi farare ne." Wato akwai ranar da na ba shi ta sukari sau uku. Da hannuna, a kunun da nake hura masa don kada ya ƙone.

(Ni Munira na raba su tas. Na ɗaura ƙyalle a gwangwanin sukari don ta ji da hannu, kuma ni zan riƙa shigowa safe da yamma. Ba ta ci abinci ba tun shekaranjiya, ki yi mata faɗa.)

Ba faɗuwar sukarin ce ta hana ni ci ba. Da ya dawo hayyacinsa ya ce, "Bara'atu, me ya same ni?" Na ce zafi ne, Malam. Ya yarda. Bai ko ƙara tambaya ba. Da Iro ya zo duba shi da magariba, ina tsakar gida ina ji yana ce masa, "In ba don tsohuwar nan ba da tuni kun ci gumbata. Shekara shida ban taɓa duba abin da take ba ni ba." Iro ya ce Allah ya saka mata. Ni kuma ina zaune a kan turmi na ce amin, don kada a ji na yi shiru.

Munira ta karanta mini maganar marina sau biyu. Na gane. Ban san ko sauƙi na ji ba. Da a ce wani ya yi mini, da akwai wanda zan je wajensa a karya. Wannan kuwa a cikin ƙeyata yake, wurin da ban taɓa sanin ina da shi ba sai da ya mutu. Shekara arba'in ina taƙama da idona, ashe ba shi ba ne mai aikin.

Zan kai takardar. Munira za ta rufe shago ran Litinin ta raka ni. Kuma na san ba a ɗaukar hoton kai a ɓoye, dole yayanki ya sani. Na san abin da zai biyo baya. Ranar da ya ji, ranar motarsa za ta tsaya a ƙofar nan, ba zai ɗaga murya ba, zai ce Inna ku haɗa kaya. Wannan karon ba ni da bakin cewa a'a. Na duba ɗakin jiya, na duba inda gadon Malam ya yi rami huɗu a ƙasa, na rasa ma me ake fara ɗaurewa.

Abu ɗaya nake roƙonki. Kin ce Jumma'a, ki ƙara mini kwana ɗaya. Kada ki kira shi sai Asabar, in ya so ni ma zan kira shi da bakina ki huta. Ba dabara nake ba, na gaji da dabara. Ba na so Malam ya ji daga bakin ɗansa, a tsaye, da makullin mota a hannu, cewa gidan ubansa ya ƙare kuma ni ce sanadi. Ran Jumma'a in unguwa ta yi shiru, maza sun tafi masallaci, zan zauna a bakin gadonsa in faɗa masa duka, da wankin, da farantin, da ƙaryar zafi. In zai yi faɗa ya yi, in zai juya fuska bango ya juya.

Bayan nan ki kira wanda kike so, Iro ma a faɗa masa ya sauke wuyansa. Amma Malam tukuna. Shi ya sha abin, shi zai fara ji.

Gwaggonki, Bara'atu.